Yadda za ka rubuta manhajar da ke tambayar sabar DNS a kan reso irin namu

A wani watan Maris, lokacin da zafin Garwa ke hana mutum zama a ɗaki da rana, wata ƙungiyar 'yan albasa daga Marwa ta ba ni aiki. Suna da jerin adireshin imel na masu saye a Duwala da Yawunde da wasu ƙasashen maƙwabta, sun daɗe suna tara shi, kuma da yawa daga cikin adireshin sun mutu. Suna son 'yar manhajar da za ta tace musu jerin. Na rubuta ta a dare ɗaya: ta ɗauki abin da ke bayan alamar @, ta tambayi DNS, wato tsarin da ke riƙe bayanan sunayen intanet yana juya suna zuwa lamba, ko wannan sunan yana karɓar wasiƙa, in an samu kuskure ta goge. Na gwada cikin dare, lokacin da reso ke da kyau, komai ya tafi daidai. Su kuwa da rana tsaka suka kunna ta, reso yana zuwa yana ɗaukewa.

Bayan kwana uku shugabansu ya kira ni. Da muka gama gaisawa sai ya ce, "Malam, lafiya kuwa? Mutumin nan namu na Duwala da ya fi kowa saye, yaro ya duba ya ce babu shi a kwamfuta." Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, laifina ne, zan maido da shi yau." Allah ya sa na ajiye kwafin tsohon jerin. Abin da ya faru shi ne manhajata ta haɗa amsa biyu ta mayar da su ɗaya: "babu wannan suna" da "ban samu amsa ba". Wannan jagorar duk a kan raba su biyun take, da sauran abubuwan da mai rubuta manhaja a yankinmu ya kamata ya kiyaye in zai tambayi DNS.

Abin da ke faruwa idan ka tambaya

Kwamfuta lamba ta sani, ba suna ba. A farkon intanet, sunayen duka suna cikin fayil guda mai suna HOSTS.TXT, wanda wata cibiyar bincike ta Stanford a Amurka ke riƙe da shi, kowa yana sauke kwafinsa. Da kwamfutoci suka yi yawa abin ya gagara, sai Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983. Takardun da suka daidaita shi a 1987, wato RFC 1034 da RFC 1035, su ne har yau ake aiki da su.

Ka ɗauka baƙo ne ya shigo ƙasar wani lamido yana neman gidan wani mutum. A fada ba su san gidan ba, amma sun san lawanin da yankin ke hannunsa. Lawan zai tura shi ga jauro, jauro kuwa ya san ƙofar gidan. Haka DNS yake. Fada ita ce sabobin tushe, masu sunaye 13 daga a.root-servers.net zuwa m.root-servers.net, ko da yake kowane suna injuna ne barjat a warwatse a duniya. Lawan shi ne sabar ƙarshen suna: .cm ta Kamaru wadda hukumar ANTIC ke kula da ita, ko .td ta Cadi, ko .com. Jauro shi ne sabar mai sunan kansa.

Manhajarka ba ita ke yin wannan yawon ba. Akwai sabar da ke yi mata, zan riƙa kiranta ɗan-aike. Yawanci ta kamfanin da ke ba ka intanet ce, ko ɗaya daga cikin na kowa da kowa: 8.8.8.8 ta Google da aka buɗe a 2009, 9.9.9.9 ta Quad9, 1.1.1.1 ta Cloudflare da ta zo a 2018. Kai dai ka miƙa tambaya ta ƙofa mai lamba 53, shi ya je ya dawo.

Nan ne nisanmu ke shigowa. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a Duwala da Limbe da Kiribi suke fitowa, mu kuwa muna can arewa. Cadi ba ta da gaɓar teku ko kaɗan, wani babban kaso na intanet ɗinta ta Kamaru yake bi. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu suka yanke a teku, WACS da SAT-3 da ACE da MainOne, ƙasashe da dama har da Kamaru suka ji a jikinsu. Ko ba a yi irin wannan ba, tambayar DNS 'yar takarda ce guda da ake jefawa ta hanyar UDP, wadda ba ta da tabbacin isa. In ta ɓace a hanya ba wanda zai gaya maka. Shiru kawai za ka ji.

Mataki na farko: tambaya da hannu kafin ka rubuta komai

A Linux ka girka dig, 'yar manhajar tambayar DNS, yana cikin kunshin dnsutils. In waya kawai gare ka, kamar yawancin yaran da nake koya wa, Termux, manhajar Android da ke ba ka wurin buga umarni irin na Linux, ta isa: `pkg install python dnsutils`. A Windows akwai nslookup tun asali.

```
dig example.com A
dig gmail.com MX
dig @9.9.9.9 example.com AAAA
dig +trace example.com
```

Sunan example.com an keɓe shi don gwaji tun 1999, saboda haka ka saki jiki da shi. Wurare uku za ka duba a amsar. Na ɗaya kalmar da ke bayan `status`: NOERROR na nufin an samu amsa, NXDOMAIN na nufin jauro ko lawan da kansa ya ce babu wannan suna, SERVFAIL kuwa ɗan-aike ne ke cewa ya je bai iya kawo komai ba. Na biyu lambar da ke gaban sunan, ita ce TTL, wato daƙiƙoƙin da aka yarda ka riƙe amsar kafin ka sake tambaya. Na uku `Query time` a ƙasa. Ka yi tambaya ɗaya sau biyu a jere, ka ga yadda ta biyun ke dawowa da wuri domin ɗan-aike ya riga ya ajiye. Sa'an nan ka gwada da safe, da azahar, da bayan isha'i, ka rubuta lambobin a takarda. Da su za ka yanke wa'adin da za ka sa wa manhajarka, ba da lambar da wani ya zaɓa a Turai ba.

Layin ƙarshe mai `+trace` yana nuna maka tafiyar gaba ɗaya daga fada zuwa jauro. Sau ɗaya ka kalle shi da kyau, ka gane tsarin.

Irin bayanan da za ka fi nema su ne A don adireshin IPv4, AAAA don IPv6, MX don sabar wasiƙa, NS don sanin jauron suna, CNAME don laƙabi, TXT don rubutu irin na SPF, wato jerin sabobin da aka yarda su aika wasiƙa da sunan, sai PTR don komawa daga lamba zuwa suna.

Mataki na biyu: getaddrinfo, in adireshi kawai kake so

Idan buƙatarka ita ce manhaja ta haɗu da wata saba, kada ka wahalar da kanka. Kowane tsarin kwamfuta yana da fankshin mai suna getaddrinfo, kuma Python na kiransa kai tsaye.

```python
import socket

def nemo_adireshi(suna):
    try:
        sakamako = socket.getaddrinfo(suna, 443, type=socket.SOCK_STREAM)
    except socket.gaierror as kuskure:
        if kuskure.errno == socket.EAI_AGAIN:
            return "ban_sani_ba", []
        if kuskure.errno == socket.EAI_NONAME:
            return "babu", []
        raise
    return "akwai", [abu[4][0] for abu in sakamako]
```

A Linux, EAI_NONAME lambarsa -2, EAI_AGAIN kuwa -3, kuma ma'anar na biyun ita ce a sake gwadawa anjima. Da na san wannan bambancin tun farko, da mutumin Duwala bai ɓace ba.

A tsofaffin darussa za ka ga gethostbyname. Ka bar shi. IPv4 kaɗai ya sani, kuma an cire shi daga ƙa'idar POSIX tun 2008. Shi getaddrinfo jeri yake dawo da shi, ba adireshi ɗaya ba, don haka in na farko ya ƙi haɗuwa ka gwada na biyu kafin ka yanke ƙauna.

Sai dai ka san halinsa. Ba DNS kaɗai yake tambaya ba. A yawancin Linux yana fara duba fayil ɗin /etc/hosts, bisa tsarin da ke cikin /etc/nsswitch.conf, kafin ya je ga sabobin da aka rubuta a /etc/resolv.conf. Shi ya sa wani lokaci dig zai ba ka amsa ɗaya, manhajarka ta ba ka wata, ka yi ta juyi ba ka gane ba. Ka leƙa hosts. In kuma ka ga 127.0.0.53 a resolv.conf na Ubuntu, ba matsala ba ce, wani ƙaramin ɗan-aike ne na cikin kwamfutar.

Babban aibinsa gare mu shi ne ba ya karɓar wa'adi. Ko ka sa socket.setdefaulttimeout, ba ruwansa. A Linux yana jiran kowace saba daƙiƙa 5, yana zagayawa sau 2, kuma sabobi 3 ake iya rubutawa. In dukkansu sun yi shiru, manhajarka za ta ƙame kusan rabin minti a kan suna ɗaya. Ka lissafa da suna ɗari biyar. Ana rage wannan da layi guda a resolv.conf:

```
options timeout:2 attempts:2
```

Ba ya kuma ba ka MX ko TXT, ba ya gaya maka TTL. Don waɗannan sai an canza kayan aiki.

Mataki na uku: dnspython, inda ainihin aikin yake

Ka girka da `pip install dnspython`. Daga fitowa ta 2.0 sunan fankshin ɗin resolve ne. In ka ga query a wani darasi, tsoho ne.

```python
import dns.exception
import dns.resolver

dan_aike = dns.resolver.Resolver()
dan_aike.timeout = 2
dan_aike.lifetime = 6
dan_aike.cache = dns.resolver.LRUCache()

def tambayi_mx(suna):
    try:
        amsa = dan_aike.resolve(suna, "MX")
    except dns.resolver.NXDOMAIN:
        return "babu", []
    except dns.resolver.NoAnswer:
        return "akwai_suna_babu_mx", []
    except (dns.exception.Timeout, dns.resolver.NoNameservers):
        return "ban_sani_ba", []
    jeri = sorted((r.preference, str(r.exchange)) for r in amsa)
    return "akwai", jeri
```

Bari mu bi shi a hankali, don kowane layi da dalilinsa.

`timeout` shi ne jiran da za a yi wa saba ɗaya kafin a koma ta gaba. `lifetime` shi ne wa'adin tambayar gaba ɗaya. Daƙiƙa 2 da 6 na sa a nan domin su suka dace da abin da na auna a wurina. In kana Kusiri ko Injamena, ko a ƙauye da reson waya, ka koma ga takardar nan da ka rubuta lambobi. Wa'adi gajere ƙwarai zai sa ka yanke wa amsar da ke kan hanya, dogo ƙwarai zai sa mai amfani ya zaci wayarsa ta lalace.

Sa'an nan amsoshi huɗu ne, ba biyu ba, kuma kowacce da abin da ya kamata a yi mata.

NXDOMAIN ita kaɗai ce shaidar cewa sunan babu shi. Ko a nan ma ban ƙara gogewa kai tsaye ba. Alama nake sawa, mutum ya duba da idonsa, domin sau da yawa kuskuren rubutu ne, harafi ɗaya ya faɗi. Mu masu .cm mun fi kowa sanin wannan, tunda harafin o guda ne tsakaninmu da .com.

NoAnswer na nufin sunan yana nan, amma ba shi da irin bayanin da ka nema. A wajen imel nan ake yawan zamewa. Ƙa'idar aika wasiƙa, RFC 5321, ta ce in suna ba shi da MX, a nemi adireshinsa na A ko AAAA a kai wasiƙar can. Saboda haka rashin MX bai isa ka ce adireshin ya mutu ba, sai ka sake tambayar A. Akasin haka kuma, akwai sunan da zai ba ka MX guda ɗaya mai lamba 0 da ɗigo kaɗai a matsayin saba. Wannan sanarwa ce cewa ba a karɓar wasiƙa a nan sam, an tsara ta a RFC 7505 a 2015.

Timeout shiru ne. NoNameservers kuwa yana fitowa idan duk sabobin da ka tambaya sun amsa da gazawa, kamar SERVFAIL ko REFUSED. Dukkansu biyu ba su gaya maka komai game da sunan ba, labarin hanya kawai suka ba ka. Abin yi shi ne ka sa sunan a layin jira, ka sake tambaya bayan minti ɗaya, in ya ƙi bayan biyar, in ya ƙi bayan rabin awa. Kada ka yi ta bugawa ba tsayawa, domin reson da ya riga ya cushe ƙara cushe shi za ka yi, ga kiredi na tafiya.

Lambar `preference` kuma, ƙarama ita ce gaba. Sabar da ke da 5 ake fara gwadawa kafin mai 10, shi ya sa na jera su. Za ka ga sunayen sabobin suna ƙarewa da ɗigo. Ba kuskure ba ne, wannan ɗigon shi ne tushe, alamar cewa sunan cikakke ne.

Masu Termux za su ci karo da wani abu: Resolver() yana neman /etc/resolv.conf, Android kuwa ba ta da shi, sai ya faɗi tun kafin a fara. Maganinsa:

```python
dan_aike = dns.resolver.Resolver(configure=False)
dan_aike.nameservers = ["9.9.9.9", "1.1.1.1"]
```

Haka ma za ka yi duk lokacin da kake son zaɓar ɗan-aike da kanka. Ni nakan sa na kamfanin da ke ba ni intanet a gaba domin ya fi kusa, sa'an nan ɗaya daga na waje a bayansa, na kamfani daban, don kada su faɗi tare.

Komawa daga lamba zuwa suna layi ɗaya ne: `dan_aike.resolve_address("8.8.8.8")` zai ba ka dns.google. A ƙarƙashi ana juya lambar ne baibai a liƙa mata in-addr.arpa. Lambobi da yawa ba su da PTR, kada ka gina wani hukunci a kan rashinsa.

Rumbu da TTL

Layin nan na `cache` da na sa a sama ya fi kowane layi rage wahala. A jerin 'yan albasa, yawancin adireshin a ƙarƙashin sunaye uku ko huɗu suke, irin su gmail.com da yahoo.fr. Ba dalili a tambayi abu ɗaya sau ɗari. Rumbun dnspython yana riƙe amsa har TTL ɗinta ya ƙare, sa'an nan ya sake tambaya da kansa. In kana son ganin lambar, tana cikin `amsa.rrset.ttl`.

Abin da nake roƙonka shi ne kada ka ɗauki adireshin da ka samu ka rubuta shi a cikin manhaja don gudun tambaya. Na ga an yi, yana aiki wata biyu, ranar da mai sabar ya sauya masauki sai komai ya tsaya, ba wanda ya san dalili. Mai suna ne ya san yaushe zai ƙaura, TTL kuwa ita ce hanyar da yake gaya maka.

Akwai sassauci guda da ya dace da mu. In TTL ya ƙare, ka tambaya aka yi shiru, ya fi kyau ka yi aiki da tsohuwar amsar na ɗan lokaci da ka tsaya cik. Wannan dabara har an rubuta ta a RFC 8767 a 2020. Sharaɗin shi ne sai an tambaya an rasa, kuma da zarar amsa ta zo a sauya.

Mai sibar-kafe ko ofis mai kwamfutoci da yawa, ya girka dnsmasq ko Unbound a kwamfuta ɗaya, sauran su riƙa tambayarta. Abin da ɗaya ya tambaya, saura sun huta.

In ɗan-aike yana ƙarya

Wannan ma ya taɓa cin ni. A wasu hanyoyin sadarwa, musamman wayfay na otal ko layin da kiredinsa ya ƙare, duk sunan da ka tambaya za a ba ka adireshi, amma na shafinsu ne na biyan kuɗi ko talla. Manhaja za ta ga "akwai" ga kowane suna, har wanda ba a taɓa yi ba. Kafin ka fara babban aiki, ka tambayi sunan da ka tabbata babu shi, kamar wani tarkacen haruffa mai ƙarewa da .invalid, wanda aka keɓe don kada a taɓa ba kowa. In amsa ta zo da adireshi, ka dakatar da aikin ka sanar da mai amfani cewa wannan hanyar ba abin dogaro ba ce.

Mataki na huɗu: ka gina tambayar da hannunka sau ɗaya

Ba don ka yi aiki da wannan ba, sai don ka ga cikin abin. Duk ɗalibin da na sa ya yi wannan, tsoron DNS ya fita daga ransa.

```python
import secrets, socket, struct

def gina_tambaya(suna, iri=1):
    lamba = secrets.randbelow(65536)
    kai = struct.pack("!HHHHHH", lamba, 0x0100, 1, 0, 0, 0)
    jiki = b""
    for gaba in suna.rstrip(".").split("."):
        jiki += bytes([len(gaba)]) + gaba.encode("ascii")
    jiki += b"\x00" + struct.pack("!HH", iri, 1)
    return lamba, kai + jiki

lamba, sako = gina_tambaya("example.com")
s = socket.socket(socket.AF_INET, socket.SOCK_DGRAM)
s.settimeout(2)
s.sendto(sako, ("9.9.9.9", 53))
amsa, daga = s.recvfrom(512)
lamba2, tutoci, _, adadi, _, _ = struct.unpack("!HHHHHH", amsa[:12])
print(lamba2 == lamba, tutoci & 0x000F, adadi, bool(tutoci & 0x0200))
```

Kan saƙon bait 12 ne: lambar shaida, tutoci, da ƙidaya huɗu. 0x0100 na nufin "ka yi mini yawon". Sunan kuma ba da ɗigo ake aika shi ba, kowace gaɓa ana sa tsawonta a gabanta: 7 sai example, 3 sai com, sai sifiri. Gaɓa ba ta wuce bait 63, suna duka ba ya wuce 255. A ƙarshe irin bayanin, 1 don A, 15 don MX, 28 don AAAA. Ka buga `len(sako)` ka gani, bait 29 ne kacal. Wannan 'yar abar ce ke tashi daga Garwa ta je ta dawo kafin kowane shafi ya buɗe.

A amsar, `tutoci & 0x000F` shi ne hukunci: 0 lafiya, 2 SERVFAIL, 3 NXDOMAIN, 5 an ƙi. Tutar 0x0200 kuwa tana cewa amsar ta fi ƙarfin takardar an datse ta, a sake tambaya ta TCP, hanyar da ke tabbatar da isar saƙo. Asali iyakar UDP bait 512 ce, sai ƙarin da ake kira EDNS ya faɗaɗa ta daga 1999.

Ka lura na ɗauko lambar shaida daga `secrets`, kuma na duba ko ta dawo daidai. A 2008 Dan Kaminsky ya nuna yadda mugu zai riƙa jefo amsoshin jabu yana cankar wannan lamba har ya dace, ya cusa wa ɗan-aike adireshin ƙarya. Lambar bit 16 ce kawai, shi ya sa ake haɗawa da sauya ƙofar fita barkatai. Daga baya aka sa wa tushe hatimin DNSSEC a 2010, aka kuma fito da hanyoyin ɓoye tambaya, ta TLS a ƙofa 853 a 2016, da ta HTTPS a 2018. Ga kuma sunaye a cikin amsa, waɗanda ake taƙaitawa da manuni mai farawa da 0xC0 zuwa inda sunan ya riga ya fito, kuma amsar mugunta na iya sa manunin ya nuna kansa manhaja ta yi ta zagaye. Waɗannan su ne dalilan da suka sa aikin gaske a bar wa laburaren da aka daɗe ana gogewa.

In ba Python kake ba

Masu PHP su yi hattara da gethostbyname nasu: in ya kasa, ba ya kuka, sunan da ka ba shi yake maido maka, sai ka kwatanta da kanka. `dns_get_record($suna, DNS_MX)` yana ba da jeri mai `pri` da `target` da `ttl`. Shi kuwa checkdnsrr i ko a'a kawai ya sani, wato daidai ramin da na faɗa. Kada ka goge komai bisa a'a ɗinsa.

A Node.js hanya biyu ce. `dns.lookup` getaddrinfo yake kira, a cikin wasu ma'aikata 4 da aikin fayil ma ke rabawa da su, don haka tambayoyin da suka maƙale za su iya rage saurin abin da bai shafi DNS ba. `dns.resolve4` da `dns.resolveMx` kuwa kai tsaye suke zuwa ta laburaren c-ares, ba sa duba hosts, kuma suna rarrabe ENOTFOUND da ENODATA da ETIMEOUT da ESERVFAIL. A C akwai res_ninit da res_nquery, a haɗa da -lresolv. A Windows DnsQuery ne.

Saura haruffanmu masu lanƙwasa. DNS bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, haka é ta Faransanci. Sunan da ke da su ana juya shi zuwa wani rubutu mai farawa da xn-- kafin a aika. dnspython yana yin juyin da kansa, amma waccan tambayar da muka gina da hannu za ta faɗi a wurin `encode("ascii")`. A Python akwai laburaren idna don wannan.

Manhajar 'yan albasa yanzu fayil uku take fitarwa: waɗanda suka tabbata, waɗanda jauro ya ce babu su, da waɗanda ba a samu labarinsu ba. Ba ta goge ko ɗaya. Fayil na uku take sake bi bayan sallar isha'i, lokacin da reso ya lafa, abin da ya rage kuma yaron Alhaji ya kira masu shi a waya ya tambaye su.